Filin Gwaggo: Gilashin kyamara, kuɗin adashe da akwatin lefe

Ni saurayi ne a nan Kano, sana'ata ɗaukar hoto. Biki da suna da walimar sauka su ne abincina, amma zuciyata tana wurin abu biyu: ƙwallo, da hotunan duwatsu da daji. Duk wasan da Pillars za ta buga a gida ina filin Sani Abacha, in na samu sarari kuma nakan hau Dala ko in bi abokai zuwa Jos. Kyamarata Canon 700D ce, da gilashin da ta zo da shi, 18-55. Damuwata ita ce, in na ɗauki wasa sai 'yan ƙwallon su fito mitsi-mitsi, ko lambar riga ba a gani. In na ɗauki dutse kuma, hoton ba ya yin kwarjinin da idona ya gani. Yanzu na kwashi adashe. Wani abokina ya ce in sayi gilashi mai faɗi, 16-35 mai f/2.8, wai shi manyan masu hoton Turai suke riƙewa, kuma shi kaɗai zai yi mini aikin duka biyun. Kuɗinsa zai cinye adashen kaf, har sai na ciyo bashi. Ga shi an sa ranar aurena bayan babbar salla, akwati ko ɗaya ban haɗa ba, kuma ban gaya wa yarinyar ba. Wallahi Gwaggo barci ya gagare ni. Ki ba ni shawara.

Ɗanki daga Fagge



Ɗana, ka cika mini takarda da lambobi, sannan can ƙasa ka lallaɓa ka ajiye maganar da ta hana ka barci, kana zaton idon tsohuwa zai tsallake ta. Na gan ta sarai. Ba ka gaya wa yarinyar ba. Za mu zo kanta, kada ka ji tsoro. Amma bari mu fara da gilashin, domin in ya warware, ɗaya maganar ma ta yi sauƙi.

Abokinka yana ƙaunarka, wannan ban musa ba. Sai dai bai saurari kukanka ba. Kai ka ce 'yan wasa suna fito maka ƙanana, shi kuma ya rubuta maka maganin da zai ƙara ƙanƙantar da su. Lambar nan ta milimita da ke jikin gilashi ita ke faɗin yadda zai ga duniya. In ƙarama ce, gani ya buɗe, abubuwa da yawa su shigo hoto, amma kowanne ya ja da baya ya ƙanƙance. In babba ce, gani ya tsuke, na nesa ya matso. Filin ƙwallo na ƙa'ida tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68. Kana tsaye a bakin layi, yawancin abin da ke faruwa yana mita 40 ko 50 daga gare ka. A kan 55 ɗin da kake da shi yanzu kana ƙorafi. Gilashin abokinka iyakarsa 35, wato ɗan wasan nan zai ragu zuwa wajen kashi biyu cikin uku na yadda kake ganinsa yau. In ka juya shi zuwa 16, ko kashi ɗaya cikin uku ba zai kai ba. Ka ci bashi ka sayo ƙarin baƙin ciki ke nan.

Batun manyan masu hoton Turai kuwa, ranar da za ka je gidan kallo ka ɗan ɗauke ido daga ƙwallon ka duba bayan allunan talla. Za ka gan su zaune a jere, kowa rungume da ƙaton gilashi a kan sanda, galibi 400 ne. A kafaɗa akwai kyamara ta biyu mai 70-200. Mai faɗin yana nan, abokinka bai yi ƙarya ba, amma yana kan kyamara ta uku, ko a rataye a wuya ana jiran ɗan wasa ya rugo murnar cin ƙwallo, ko an girke ta a ƙasa bayan raga ana danna ta daga nesa. Shi ne na uku a wurinsu, kai kuma kana so ka mai da shi na fari kuma na ƙarshe. Kamar ka ɗauki faifai ne ka nufi rijiya jan ruwa. Faifai ba shi da laifi, kowace mace tana son nata, amma wannan aikin guga ne.

Akwai kuma abin da abokinka bai gaya maka ba, wataƙila shi ma bai sani ba. A cikin kowace kyamara akwai ɗan allon da ke karɓar haske. Na manyan kyamarori irin su 5D da 6D girmansa milimita 36 ne da 24. Na taka ƙarami ne, wajen 22 da 15, don haka tsakiyar abin da gilashi ya kawo kawai yake ɗauka, gefe-gefen ya zube. Shi ya sa a kan 700D duk lambar da ka gani sai ka ninka ta da 1.6 kafin ka san gaskiyar faɗinta. Gilashin 16-35 an yi shi ne domin masu babban allo. In ka ɗaura shi a taka, zai zama kamar 26 zuwa 56. Naka na yanzu, wanda kake rainawa, yana farawa daga wajen 29. Ka ga tazarar? Adashenka duka, da bashi a kai, domin ɗan faɗin da in ka ja da baya taku biyu za ka same shi kyauta. Haba ɗana.

Na san abin da ya tafi da hankalinka, f/2.8 ce. Samari kuna son lambar nan kamar me. Ita ƙofar haske ce: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Hasken da f/2.8 ke shigarwa ya ninka na f/4 sau biyu, ya ninka na f/5.6 sau huɗu. Amfaninta a wasa a fili yake. In kana so ka tsayar da ɗan wasa yana tsakar gudu ba tare da ƙafafunsa sun narke a hoto ba, dole kyamara ta ƙifta da sauri, wajen 1/1000 na daƙiƙa, kuma ƙiftawa mai sauri haka tana cin haske. To amma yawancin wasannin gasarmu ƙarfe huɗu na yamma ake take su, ranar Kano kuwa ba ta rowa. Da f/5.6 za ka yi aikinka lafiya lau har a je hutun rabin lokaci a dawo. Sai can wajen ƙarshe, in rana ta yi sanyi, ka ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600. A hoton dutse kuwa, kai da kanka za ka tsuke ƙofar zuwa f/8 ko f/11, domin ciyawar gabanka da tsaunin can nesa duk su fito tangaran. Ka biya kuɗin babbar ƙofa, ka je kan Dala ka rufe ta.

Saboda haka ga maganata, ka ji ta da kyau.

Kada ka sayi 16-35 ɗin nan. Ba a kan wannan kyamarar ba, ba kuma a wannan shekarar ba.

Taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya. Wasa da duwatsu aiki biyu ne, gilashi biyu suke so.

Domin faɗi, ka nemi Canon EF-S 10-18. An fito da shi a 2014 musamman saboda kyamarori irin taka. A jikinta yana ba da kamar 16 zuwa 29, wato ainihin faɗin da abokinka yake kwaɗaita maka, wanda nasa gilashin ba zai ba ka ba. Nauyinsa giram 240 ne. Sabon samfurin wancan na 16-35 ya kusa giram 800, kuma matakalar Dala ba ta san tsada ba, nauyi ta sani. Domin ƙwallo, ka nemi EF-S 55-250, wanda aka rubuta STM a jikinsa, domin ya fi tsofaffin samfuransa saurin kama saiti. A kan 250 yana zuƙo maka nesa kamar 400 a babbar kyamara. Nan ne za ka ga lambar riga, har da gumin goshi in wasa ya matso ɓangarenka. Ka sa kyamarar a kan AI Servo domin ta riƙa bin mai gudu, ka yi aiki da ɗigon saiti na tsakiya, ka bar ta ta riƙa harba hoto biyar-biyar a daƙiƙa, iyakar ƙarfinta ke nan. Su biyun in ka haɗa kuɗinsu, ko sababbi ne a kwali, ba su kai rabin kuɗin wancan ɗayan ba. In na hannu ka samu masu lafiya, sai abin ya ƙara sauƙi.

Kada mai shago ya ruɗe ka da haruffan IS, ya ce maka suna hana hoto rawa. Rawar hannunka suke ragewa. Ba su da iko a kan ɗan wasan da ke sheƙa gudu, wannan sai saurin ƙiftawa.

Wuri ɗaya ne zan sassauta. In gidan dambe kake yawan zuwa, inda ake kaiwa har bayan magariba a ƙarƙashin fitila, ko ɗakin wasan ƙwallon kwando, to a nan babbar ƙofa tana da rana. Sai ka duba Tokina 11-16 mai f/2.8 a madadin 10-18. Ya fi nauyi, ya fi tsada, amma shi ma na ƙaramin allo ne, faɗinsa na gaskiya ne a kyamararka. Ka kuma sani, gilasan EF-S ba sa shiga bakin 5D ko 6D. In Allah Ya buɗa maka ka koma babbar kyamara, sai ka sayar da su. Wannan ba abin tashin hankali ba ne. Tun da Canon ya fito da sabon tsarin RF a 2018 hankalin masu kuɗi ya koma can, tsofaffin gilasai suna ta yawo hannu zuwa hannu. Wanda kake mafarki yau zai jira ka.

Ba na so ka tafi da tunanin cewa mai faɗi ba shi da aiki a filin wasa. Yana da shi, kuma hotunan da yake kawowa su ne mutane ke tsayawa su kalla. Sharaɗinsa ɗaya ne: sai ka matsa. Ka tsuguna gaban magoya baya lokacin da suka miƙe da ihun "Sai Masu Gida", mai ganga a gabanka, dubban kawuna a bayansa har saman rumfa. Ka tsaya bakin hanyar da 'yan wasa ke fitowa. In kana da katin shiga, ka zauna bayan raga lokacin bugun kwana. A dambe, ka kwantar da kyamara kusa da ƙasa, hannun da aka naɗe da zare ya cika gaban hoto, makaɗa da 'yan kallo su kewaye baya. Haka a kokawa, in ka taɓa leƙa Nijar lokacin gasar takobi. Duk hoton da aka ɗauka da gilashi mai faɗi ya yi kyau, in ka bincika, mai shi ya yi kusan da har yana jin numfashin wanda yake ɗauka.

A nan ne kuma hankalina yake tashi. Gilashin nan maƙaryaci ne wajen nisa. Abin da ke taku biyar daga gare ka zai nuna maka shi kamar yana taku ashirin. Na san halinku, salla tana zuwa za ka ce bari in gwada shi a Hawan Daushe. Mahayi ya sako doki a guje zai yi jahi, kai idonka yana cikin kyamara kana cewa da saura, alhali kofato ya iso. Uwarka ba ta haife ka domin a kwashe ka a ƙofar Gidan Rumfa ba. In dawaki ne, ka koma gefe ka sa dogon gilashi. In ka nace sai mai faɗi, ka buɗe ɗaya idon, ka kuma sa wani ya tsaya a bayanka riƙe da rigarka.

Yanzu maganar dutsen da ya ƙi yin kwarjini. Zan ɓata maka rai kaɗan: sabon gilashi shi kaɗai ba zai gyara wannan ba, yana iya ƙara lalata shi ma. Ka hau Dala ka buɗe 10, Goron Dutse da kake hangowa zai koma ɗan tudu, rabin hoton sama ce fara fat, rabin kuma rufin kwano. Mai kallo ya rasa inda zai ajiye ido. Gilashi mai faɗi yana son a ba shi wani abu a gaba: dutsen da kake tsaye a kai, wata bishiya, makiyayi da sandarsa, hanyar da ta miƙe ta shige cikin hoto. Ka durƙusa, ka matsa har abin ya kusa taɓa gilashin, sai nesa ta samu ma'auni. Ka je marinar Ƙofar Mata ka gwada, ramin baba a gabanka, marini a tsakiya, shanyar tufafi a baya, za ka gane abin da nake nufi. Ka kuma riƙe kyamarar a miƙe. Da ka ɗaga bakinta sama, hasumiyar masallaci da ganuwa za su karkata kamar za su faɗo. Wani sirrin kuma, yawancin hotunan tsaunin da ke cika ido da dogon gilashi ake ɗaukarsu. Ka tsaya nesa da Dutsen Zuma ka zuƙo shi da 55-250 ɗinka, gidaje da motocin da ke gindinsa su fito ƙanana, a nan za ka ga girman da idonka ya gani.

Lokaci ma yana da nasa. Tsakar rana ba ta yi wa kowa hoto mai kyau. Ka fita bayan asuba, ko ka jira la'asar sakaliya. A hunturu hazo yana shanye nesa, ko gilashin miliyan nawa ka ɗaura ba zai huda shi ba. Ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, ruwa ya wanke sama, ƙasa ta yi kore shar, lokacin zuwa Jos ke nan. In za ka shiga daji kuma, ka tambayi mutanen gari lafiyar hanya, kada ka tafi kai kaɗai, kada ka ɗaga kyamara kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro. Zamanin ya canja, ka fi ni sani.

Kada ka manta da abin da ke ciyar da kai. Wannan 10-18 ɗin zai mayar da kuɗinsa a gidan biki. Ɗakin amarya da aka yi wa jere, wanda kullum kake manne wa bango ka kasa ɗauko shi duka, yanzu zai shigo har da labule. Zauren taro ma haka. Dillalan gidaje suna neman mai yi musu irin wannan hoton. Gargaɗi ɗaya: gilashin yana miƙe duk abin da ya faɗa gefen hoto. Kada ka kuskura ka tsayar da uwar amarya a gefe. Za ta fito ta ninka faɗinta, fuska a jaye, kuma daga ranar an daina kiranka biki a wannan dangin har jikoki. Manya a tsakiya, gefe a bar wa kujeru.

Ku kuma 'ya'yana masu karatu, kada ku yi wa ɗan Fagge dariya, dukanmu mun taɓa shiga wannan rami. Wace ce ba ta taɓa ganin abu a hannun wata ta ji in ba ta mallake shi ba rayuwa ta tsaya? Mai ɗinki yana ganin keken da ya fi nasa shi ne zai gyara masa wuyan riga. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata, kuma kwaɗayin kayan aiki ya fi kowanne wuyar ganewa, domin yana zuwa ne sanye da rigar neman na kai. Kafin ku fitar da kuɗi, ku tambayi kanku wane hoto ne kuka kasa ɗauka jiya, kuma me ya hana. In kun iya amsa wannan, kun san abin da za ku saya. In ba ku iya ba, ku mayar da kuɗin aljihu. Ku ari na abokin sana'a ku yini da shi, ko ku ba shi ɗan wani abu ya ba ku haya. Gani ya kori ji.

In na hannu za ku saya, ku tafi da kyamararku, kada ku yarda da ta mai shago. Ku cire murfin gaba da na baya, ku haska tocilan ta ciki. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kowane gilashi a ƙasar nan yana da ita. Amma in kun ga wani fari-fari mai rassa ya yaɗu a ciki, fumfuna ce, ku ajiye ku yi sallama. Ku juya zoben zuƙowa ku ji ko yana cijewa. Ku ɗauki bango mai rubutu ko shafin jarida, ku buɗe hoton ku duba kusurwa huɗu. In ɗaya ta fi sauran dishi-dishi, gilashin ya taɓa faɗuwa. Ku karɓi rasit mai lambar gilashin, ku yi yarjejeniyar mayarwa a gaban shaida. Wanda ya tare ku a lungu da farashin da ya yi daɗi fiye da kima, ku tuna araha ba ta ado, kuma kayan sata ba ya gaya wa ɗan sanda cewa ba ku sani ba. In kun kai gida, kada ku canja gilashi a tsakar iskar hunturu. Ku shiga mota ko ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Da damina kuma a ajiye shi a busasshen wuri, tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi.

To ɗana, mun dawo kan yarinya.

Ka yi tunanin yadda za ta ji in labarin ya iske ta daga bakin wani. Kuma zai iske ta, Fagge ba ta da faɗin da za a ɓoye sabon gilashi. Ƙawayenta suna tambayarta akwati nawa, iyayenta mata suna ƙirga watanni, ita tana kare ka tana cewa yana ƙoƙari, kasuwa ce ba daɗi. Sai ta ji ashe ka kwashi adashe ka zuba a kyamara. Kuɗin ba za su yi mata ciwo ba kamar kunyar da ka ba ta a gaban danginta, da sanin cewa ka iya shirya babban abu ba ta sani ba. Irin wannan tabon yana bin mace har ɗakinta. Shekara goma nan gaba, ka ce mata babu kuɗin cefane, sai ta tuna.

Ka je zance a daren nan ka gaya mata. Ka faɗi nawa ka kwasa, nawa za ka sa a kayan aiki, nawa za ka kai wa yayyenka mata su fara sayen atamfa. Ka nuna mata yadda gilashin zai kawo aiki. Mata ba sa ƙin a gyara sana'ar da za ta ciyar da su, abin da suke ƙi a mai da su bare. In lissafi ya nuna gilashi biyu za su taɓa lefe, ka sayi 10-18 yanzu tunda shi ke kawo kuɗi, ɗayan ya jira bayan biki. Pillars tun 1990 take buga ƙwallo, ba za ta watse kafin ka tare ba. Bashi kuwa, ko na sisin kwabo, ban yarda ba. Allah Ya sa albarka, Ya kai mu ranar.

Wasiƙa ta biyu: Gwaggo barka da aiki. Ni matar aure ce a Jos, ina son ɗaukar hotunan tsaunuka, ina da tsohuwar Nikon D3200. Maigidana ya yi tafiya ya yo mini tsarabar gilashi mai faɗi, Nikon AF-P 10-20, yana ta murna domin ya san na daɗe ina so. Na ɗaura shi ya zauna daidai, amma ya ƙi kama saiti sam, ko da hannu na juya babu abin da ke motsi. Yau wata biyu ke nan. Duk lokacin da ya tambaya sai in nuna masa tsofaffin hotuna in ce na sabon ne. Ina jin nauyin in ce masa ya yi asara. Ko lalatacce aka sayar masa?

'Yarki daga Jos

'Yata, ke ma? Wato wannan makon na masu ɓoye-ɓoye ne.

Kwantar da hankalinki, gilashinki lafiyarsa ƙalau, ba a cuci maigidanki ba. Tsufa ne ya shiga tsakani. Kyamararki ta 2012 ce, gilashin kuma na 2017. Waɗannan masu alamar AF-P wani sabon injin saiti gare su wanda D3200 ba ta san yadda za ta yi masa magana ba, haka D3100 da D5100 da D90. Ko zoben da kike juyawa da hannu ba a haɗe yake da gilasan ciki kai tsaye ba, saƙo yake aikawa ta lantarki, shi ya sa kika ji shiru. Babu mai gyaran da zai iya yi miki komai a kai, kada wani ya karɓi kuɗinki ya buɗe shi.

Hanya biyu ce a gabanki. Ko ki musanya gilashin da wanda kyamararki ta sani: Nikon AF-S 10-24, ko Sigma 10-20 mai alamar HSM, ko Tokina 11-16 samfuri na biyu. Ki lura da wannan na biyun, domin na farkon ba shi da injin saiti a cikinsa, a kyamararki sai dai ki yi ta juyawa da hannu. Ko kuma ki bar tsarabar a inda take, ki sayar da D3200 ki cika kuɗi ki ɗauki D3400 ko D3500 ko D5600 ta hannu. Duk suna aiki da shi, kuma gilashinki na da zai hau kansu.

Ni ta biyun na zaɓa miki. Kyautar miji ba a saurin kai ta kasuwa, kuma gilashin mai kyau ne, mara nauyi, a kyamarar Nikon irin taki yana ba da kamar 15 zuwa 30, daidai hawan tsaunukan Shere. In kin samu ya fara aiki, ki je Dutsen Riyom da sassafe. Ki je magangarar ruwan Assop da abin girke kyamara mai ƙafa uku, ki rage saurin ƙiftawa zuwa kwatan daƙiƙa ruwan ya fito sumul, ki riƙe ƙyalle mai laushi saboda feshi. In an tallata miki filtar nan mai ƙara wa sama shuɗi, ki yi hattara da ita a kan 10, domin takan bar rabin sama da duhu rabi da haske.

Amma kafin duk wannan, ki daina nuna wa bawan Allah tsofaffin hotuna. Kina ganin tausayinsa kike ji, alhali ranar da ya gano, abin da zai tsaya masa shi ne wata biyu kina kallon idonsa kina shirya masa zance. Kuskurensa na rashin sani ne, ko masu shagon ba duka suka san wannan ba. Naki kuwa kullum ƙaruwa yake. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ɗauko kyamarar da gilashin ki ajiye a gabansa. Ki fara da godiya, ki ce tsarabar ta fi ƙarfin tsohuwar kyamararki, ki ba shi ya juya zoben da hannunsa ya gani. Sannan ki ba shi haƙuri a kan hotunan, ba tare da kwana-kwana ba. Zai ɗan yi fushi, ya kuma cancanta ya yi. In ya huce, ku tafi kasuwar tare, gilashin yana cikin jakarki, kada ku biya kuɗin kowace kyamara sai kin ɗaura shi a kanta kin ga ya kama saiti a gaban mai shagon.